Takabar da Ta Ƙare Ban Sani Ba

Talata, 14 ga Safar 1361 (1942 a lissafin Nasara). Tireshbil, unguwarmu ta baƙi a bakin teku.
Gajere, mai kora wa baban Hasana shanu, ya iso da hantsi. Shi kaɗai. Ya tsuguna bakin ƙofa ya ce, “Uwar Hasana, sai haƙuri.” Zazzaɓi ne, a Tawa, can arewa. Na ce yaushe? Ya ce tun cikin azumi. Yaƙi ya tsare hanya, an hana shi lasafase, takardar izinin wucewa, shi ma da ƙyar ya zo.
Wata biyar ke nan.

Laraba, 15 ga Safar
Na kwance kitso, na ajiye kwalli. Na shiga takaba.

Juma'a, 17 ga Safar
Malam Lado ya ƙetaro gada daga unguwar Ajame don ta'aziyya. Da ya ga kaina a tsefe sai ya tambayi Gajere wata, ya lanƙwasa yatsu. Ya ce, “'Yata, ai kin fita. Daga ranar rasuwa ake ƙirgawa, ba daga ranar jin labari ba. Wata huɗu da kwana goma sun cika tun Muharram.”
Na ce Allah gafarta Malam, in rama mana. Ana rama salla, ana rama azumi. Ya ce wannan ba a rama ta, kuma ba ni da laifin komai.
Ni ba zancen laifi na tambaya ba. Mahaifina ya koya mini karatu da rubutu, na san Malam bai yi kuskure ba. Shi ya fi ƙona mini rai.

Litinin, 20 ga Safar
Na zauna ina tuno abin da na yi a cikin takabar tawa. Lallen ƙaramar salla har gwiwar hannu. Sabon zane a babbar salla. Bikin 'yar Tsahara maƙwabciya, ni ce kan gaba wajen guɗa, ni uwar iyayi. Har tsine masa na yi a raina don bai aiko da ko gaisuwa ba. Ashe ina faɗa da mutumin da ƙasa ta riga ta rufe.
Duk kwanakin nan da miji nake. Na rantse da miji nake. To wace ce ta yi takabar?

Alhamis, 23 ga Safar
Ƙanena Kailu, mai aiki a lagar, tashar jirgin ƙasa, ya zo rarrashi. Shi rarrashinsa kullum da ilimin boko yake zuwa. Wai, “Yaya, lokaci ba ɗaya ba ne ko'ina. Rana tana riga fitowa a Tawa. Su suna sallar asuba, mu nan ko alfijir bai keto ba. Yanzun can daban, yanzun nan daban.”
Na ce madalla. In haka ne, don me za a auna ni da lokacinsu? A Tawa ya rasu cikin azumi. A ɗakin nan ranar Talata ya rasu, da hantsi, ina tankaɗe.
Ya sosa ƙeya ya ce ba haka yake nufi ba. Ban san abin da yake nufi ba, ina jin shi ma bai sani ba.

Asabar, 3 ga Rabi'ul Awwal
Ba wanda ya zo zama da ni. Mata sun yi gaisuwar kwana uku sun watse, tunda Malam ya faɗa. Ina zaune cikin ɗaki da tsohon zane, ba sunan abin da nake yi. Hasana ta ce, “Inna, in an tambaye ni a rijiya me zan ce?” Na miƙa mata tulu.

Lahadi, 11 ga Rabi'ul Awwal
Garin masara ya ƙare. Tsahara ta danne ni tsakanin gwiwoyinta ta yi mini kitso, tana surutu, ina kuka. Ta ce, “Sakinatu, leburorin bakin ruwa suna ta cigiyar tuwonki. Allah ya sauwaƙe miki, ke kin ƙi karɓa.”
Ban ji an sauwaƙe mini ba. Ji na yi an ƙwace mini. Shekara goma sha tara da mutum, a ce ko zaman ɗaki ba zan iya yi masa ba.

Talata, 20 ga Rabi'ul Awwal
Na koma rumfa. Ba don na yarda ba, don Hasana ta ci.
Da azahar wani mahauci daga Ajame ya tsaya, Mati sunansa, tsohon abokin cinikin baban Hasana. Bai ji ba. Yana wanke hannu yana dariya ya ce, ina mutumin nasa, ko Tawa ta yi masa daɗi ne?
Na ce, “Ai ya rasu tun cikin azumi.”
Ya yi salati, ya ce ashe an daɗe. Na ce an daɗe. Na zuba masa miya.
Sai da ya tafi na ji abin da bakina ya faɗa.