Jarkar Kunun Gonar Rake

Gubuchi, 4 ga Nuwamba

Zuwa ga ƙanwata Mukarrama,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da mutanen Kudan baki ɗaya. Na zaɓi takarda ne domin maganar ta fi ƙarfin waya.

Jiya na kai ɗanki Saminu asibiti a Zariya, sashen da ake kwantar da masu fama da shaye-shaye. Likita ya ce jikinsa ya saba da ƙwayar nan ta kashe gajiya, sai an kwantar da shi mako shida. Na miƙa katin inshorar lafiya na ƙungiyarmu ta manoman rake, wanda na sa sunansa a ciki tun da ya zo taya ni aiki. Ma'aikaciyar ta mayar mini da shi cikin ladabi. Ta ce yarjejeniyarmu ta ɗauki zazzaɓi da haihuwa da saran adda, amma ba ta ɗauki wannan ciwo ba.

Na je wurin kamfanin inshorar. Sun yarda su ƙara wannan sashe ranar ɗaya ga Disamba, ranar sabunta yarjejeniya, muddin talatin daga cikinmu mu arba'in da biyar suka amince da ɗan ƙarin kuɗin da zai hau kan kowa. Likita zai riƙe masa gado zuwa ranar, ba zai wuce ba. Shekara goma sha ɗaya ina shugabancin ƙungiyar nan, ban taɓa kawo magana ta faɗi ba. Ki kwantar da hankalinki. Abokan banza ne suka ja yaron, Allah ya shirye su.

Naki yayanki,
Uwaisu Abdulƙadir

Kudan, 9 ga Nuwamba

Yaya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ina gaishe ka, ina gaishe da Yaya Adama uwargida.

Saminu yana wurina. Ba ya cin abinci, ko buta ba ya iya riƙewa. Shekaranjiya na tsare shi na ce ya gaya mini sunayen abokan banzan nan. Ya ce, "Inna, ba abokai ba ne. Jarkar kunu ce."

Ya ce lokacin saran rake, Tukur mai kula maka da 'yan ƙwadago yakan narka ƙwayoyi cikin jarkar kunun safe, don a yi sara har la'asar ba mai zama. Ya ce haka ake yi a yawancin gonakinku. Shi bai sani ba, yunwa ce ta sa ya sha tare da su, ya yi wata biyu yana sha kafin ya gane abin da ya sa ba ya iya tashi ranar da ba a fita gona ba.

Na ba ka ɗana ya koyi noma, Yaya. Tambaya ɗaya gare ni: ka sani ko ba ka sani ba? Idan ba za ka amsa ba, kada ka sake rubuto mini, zan sayar da abin da nake da shi in kai shi da kaina.

Ƙanwarka,
Mukarrama

Gubuchi, 23 ga Nuwamba

Zuwa ga ƙanwata Mukarrama,

Aminci ya tabbata a gare ki. Na jinkirta amsa domin ban so in aiko miki da magana ba tare da aiki ba.

Na sani. Ban taɓa ba da umarni ba, ban kuma taɓa hanawa ba. Na ga rake yana isa mota da wuri, na kau da kai. Ban tuna cewa ɗan 'yar'uwata yana cikin masu miƙa kofi ba, kuma yanzu na gane ko da ba ya ciki, sauran ma 'ya'yan mutane ne.

Jiya Asabar muka yi taro a Makarfi. Ina gama bayani Malam Lado na Dandamisa ya ce, "Shugaba, mu manoma ne, ba iyayen 'yan tasha ba. Wanda ya haifi ɗan ƙwaya ya nemi maganinsa." Aka yi dariya, na ga maganar za ta faɗi.

Sai na fita na ɗauko jarkar gonata daga mota, na ajiye a kan tebur, na cika kofi. Na ce, "Ga kunun masu sara. Malam Lado, bismillah."

Ya ce, "Ina azumi."

Alhaji Gambo ya ce, "Azumin Asabar, Malam? Ba kai na gani wurin mai tsire ɗazu ba?"

Na zagaya da kofin nan layi-layi, babu wanda ya miƙo hannu. Kunun kuwa lafiyayye ne, Adama ce ta dama shi da safe. Amma kowa ya san abin da yake sa a zuba a tasa jarkar. Na ce musu, "Ɗan ƙanwata a gonata ya kamu, da sanina. Ciwon da muke cewa ba namu ba ne, mu muke dama shi."

Talatin da ɗaya suka ɗaga hannu. Aka kuma rubuta cewa duk wanda aka sake samu da irin wannan kunu ya fita daga ƙungiya. Bayan haka Lado ya kawo shawarar cewa mai irin wannan laifi bai dace da kujera ba. Ban musa ba, ni na fara ɗaga hannu. Takardar kamfani ce aiki na ƙarshe da na sa wa hannu a matsayin shugaba.

Ki kai shi ranar ɗaya ga wata da katinsa. Ina neman gafararki da tasa.

Naki yayanki,
Uwaisu

Zariya, 2 ga Disamba

Yaya,

Salamu alaikum. Sun karɓi katin, an ba shi gado.

Na karanta masa wasiƙarka. Bai ce ya yafe ba, ni ma ban matsa masa ba. Asabar ce ranar ziyara. Ya ce Kawu ya zo masa da kunun Yaya Adama, amma Kawu ne zai fara sha.

Allah ya kawo ka lafiya.

Ƙanwarka,
Mukarrama