Likitar 'Yata Ta Bar Ni a Bayan Ƙofa

Malama mai wannan fili,

Ki gafarce ni da na ɗora miki damuwata, ki taimake ni. Ni mai duba ingancin kaya ne a wata masana'anta, ba na magana sai na tantance.

'Yata, mai shekara goma sha biyar, ta daina cin abinci. Sai ta yi ta juya cokali a faranti, ta ce ta ƙoshi. Har zobe ya daina zama a yatsarta. Asibiti suka haɗa mu da wata likitar halayyar ɗan Adam. Ƙasidar da ke ɗakin jiransu na karanta ta sau shida, na ja layi inda aka ce iyali ne ginshiƙin magani. To, wata uku ke nan ginshiƙin yana zaune a benci.

Matar nan in za ta auna 'yata, sai ta sa ta juya wa sikeli baya. Ta sa na ɗauke wanda na ajiye a ƙofar banɗaki. Na tambaye ta abin da suke tattaunawa, ta ce wai sirri ne. Sirri, tsakanin bare da abin da na haifa! Makon jiya na jiyo yarinyar tana dariya a ciki. Rabonta da dariya a gabana tun bara. Da me aka saye ta?

Na ƙudura cire yarinyar daga wurin likitar kafin zaman Alhamis. Ina jiran amsa a rubuce:

1. Wace doka ta ba ta ikon ɓoye mini?
2. Ina ake kai ƙararta?

Uba mai haƙƙi

Malam,

Ba zan nuna maka inda ake kai ƙara ba, domin ban ga laifi ba. Kishi na gani, wanda tsoro ya haifa.

Kana da gaskiya a wuri guda: haƙƙinka ne ka san ko jikin 'yarka na samun sauƙi, kuma in akwai haɗari dole a gaya maka. Nemi zama da likitar, ka tambayi aikinka a lokacin cin abinci. Amma hirarsu ba taka ba ce. Mai wannan cuta tana da mai sa ido a cikin kanta, ba ta buƙatar na biyu a gida. Ɗaki ɗaya ta samu inda ba a ƙirga mata loma. In ka rufe shi, ba gare ka za ta kawo maganar ba, shiru za ta yi. Kada garin neman gira ka rasa ido.

Ka kai ta ranar Alhamis. A hanya kada ka tambaye ta komai. Allah ya ba ta lafiya, ya sanyaya maka zuciya.