Cinyar Taju

Asabar, 5 ga Yuli, 2025
An kawo ɗana Taju daga Bungudu a kan babur, abokinsa yana riƙe da shi ta baya. Wai babu wanda ya taɓa shi. Ƙwallo ya bi da gudu, sai ya ji kamar an jefe shi da dutse a bayan cinya. Farkon watan gobe masu zaɓen 'yan wasa na wata babbar ƙungiya za su zo Tsafe. Tun bara yake jiran ranar. Maganarta ya fara yi da aka shigo da shi, ba maganar ciwon ba.

Litinin, 7 ga Yuli
Mun je wurin Malam Mannir, mai duba 'yan ƙwallo a nan Gusau. Ya ce tsoka ce ta ɗan yage, ƙashi lafiya lau. Ya kwantar da shi rub da ciki, ya ɗora masa wani zobe kamar tayar keke, mai waya zuwa jikin inji. Wai maganaɗisu ne ke ratsa naman, kuma sai an haɗa da hutu da motsa jikin da zai koya masa. Injin yana ƙas, ƙas, shi ke nan. Na ce, "Taju, me kake ji?" Ya ce, "Ba komai, Inna." Har gyangyaɗi ya yi.
Malam Mannir ya ce kada a gasa, kada a matsa, kada a ja. To me ya rage?

Laraba, 9 ga Yuli
An ɗauke wuta a wurin Malam Mannir, mun yi zaman jiran janareta. Ba zan yi dogon rubutu ba. Ni da na koyi riƙe biro da furfura a kaina, yatsuna saurin sagewa suke.

Alhamis, 10 ga Yuli
Yaya Bawa ya zo daga Kucheri. Shi ne mai ɗorin garinmu, babu gidan da bai gyara ƙafa ba. Na ba shi labarin injin, ya yi dariya har da tari. "Maganin da ba ya zafi? Ke da kika haifi yaron ga, da ƙas-ƙas aka gasa ki?"
Na hura gawayi, na ɗora tukunya. Ya gasa da tsumma, ya shafa man shanu, ya danna da babban yatsa, ya ja ƙafar. Taju ya ciji filo. Bai ce a'a ba, ina zai ce wa kawunsa a'a. Ni kuwa raina ya kwanta, na ce yau dai an yi wani abu.

Juma'a, 11 ga Yuli
Wurin ya kumbura, ya yi baƙi har bayan gwiwa. Ko banɗaki sai da sanda.

Litinin, 14 ga Yuli
Malam Mannir ya daɗe yana kallon cinyar. Taju ya ce santsi ne ya kwashe shi a tsakar gida. Malam ya taɓa wurin, ya shinshina hannunsa, ya ce, "Santsin naku da man shanu yake?" Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cewa kawai ya yi, "Hajiya, mun koma baya. Tsafe kam da wuya."
A Keke Napep Taju ya juya mini ƙeya har muka iso gida Tudun Wada.

Talata, 22 ga Yuli
Inji, gida, inji, gida. Ba ya cin abinci sosai. Na gaji.

Lahadi, 27 ga Yuli
Ya ajiye sanda. Yana kwanciya a tabarma, ya ɗaga ƙugu, ya sauke a hankali, kamar yadda aka nuna masa. Ta taga nake leƙensa. Idan ya gan ni sai ya daina.

Juma'a, 1 ga Agusta
Gobe ne Tsafe. Malam Mannir ya ce a'a, idan ya ruga yanzu ta sake yagewa, sai dai baɗi.
Bayan masallaci sai ga Yaya Bawa. Ashe Taju ne da kansa ya kira shi. Ya ce, "Gashi ɗaya mai kyau, gobe ya tsere wa babur." Taju ya ce, "Inna, don Allah. Ko me zai faru, bari in je." Idonsa ya kawo ruwa.
Na ce gawayi ya ƙare.
Yaya ya kalli buhun da ke jingine a bakin kicin, ya kalle ni. "Zulai, ni kika mai da baƙo?" Na dama masa fura. Bai sha ba, ya sa takalmansa.

Asabar, 2 ga Agusta
Motar 'yan wasa ta tafi ba da shi ba. An ce masu zaɓen sun ɗauki abokinsa. Ya wuni a ɗaki, fuska a bango.
Ni ban ce injin nan yana wani abu ba. Har yau ban san me yake yi ba. Na dai tambayi Malam Mannir ƙarfe nawa ranar Litinin, ya ce da safe. Na wanke wa Taju gajeren wandonsa, yana kan igiya. Allah ya sa kada a yi ruwa.