Sanarwar Unguwar Gangare

Uwata,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Kada ki yi mamakin ganin takarda. Kunnen nan ya ƙarasa tafiya. In kin bugo waya sai dai in ga tana haske, in kara a kunne in yi ta "na'am, na'am" ni kaɗai. Direban motar unguwarmu ya ce zai riƙa miƙa miki a ƙofar ofis.

Jiya na gan ki a talabijin ɗin shagon Mai Aski. Ban ji ko kalma ba, amma na ga kin riƙe takarda da hannu biyu, har kika gama ba ki ɗago ba. Mai Aski ya rubuta min a bayan kwalin reza cewa kin ce madatsar ruwan da ke saman unguwarmu lafiya lau take. To, unguwa dai ba ta yarda ba. Kowa da saƙon murya a wayarsa: wannan ya ce bango ya tsage, wancan ya ce 'yan adawa ne ke son ɓata Shugaban ƙaramar hukuma. Matar Tela ta ƙulle kayanta ta kwance, ta sake ƙullewa. Da sun hango ni sai su taso, wai tunda 'yata ce mai magana da yawun hukuma, ai na san abin da ake ciki.

Sai na tuna zamaninmu a gidan rediyo. Ɗaki ɗan ƙarami, tebur da koren ƙyalle, jar fitila a saman ƙofa. Da ta kama, gari ya yi tsit. Mahaifiyarki, Allah ya jiƙanta, kullum sai ta goge min riga, ina ce mata ai ba mai ganina, tana cewa yamutsattsiyar riga ana jin ta a murya.

Ki faɗa min abin da ake ciki. Ki shafa min kan yara.

Babanki

Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa, ina fatan ciwon ƙafarka ya yi sauƙi. A gurguje nake rubutu, kan gwiwata, a barandar ofis.

Gaskiyar magana ba wanda ya sani. Injiniyoyi sun rabu biyu. Babbansu ya ce bangon zai jure, mataimakiyarsa ta ce in aka ƙara ruwan sama mai ƙarfi ba ta ɗauki alkawari ba. Kullum muna ɗakin taro, fanka na juyawa, shayi na hucewa a kofuna, ana jan kalma ɗaya kamar roba. In na rubuta "haɗari" a soke, a sa "ƙalubale". Shugaba ba mugu ba ne, Baba, tsoro yake ji. Ya ce in aka ce a tashi, za a tattake juna a kan gada, ɓarayi su shiga gidaje, kuma in ruwan bai zo ba, ba wanda zai ƙara yarda da shi. Abin da ka ga ina karantawa, haka aka ba ni.

Don Allah ka haɗa magungunanka da kaya kaɗan, ka biyo Direba gobe. Na gyara maka ɗakin baƙi. Kada ka ce wa kowa komai, ka ce jikoki ka zo gani.

'Yarka

Uwata,

Na samu takardarki, Allah ya yi miki albarka. Amma ba zan zo ba.

Ki duba min. In fito da jaka, in wuce ƙofar Tela, in wuce shagon Mai Aski wanda yake min aski bashi tun kina goye, in ce musu jikoki zan je gani? Matar Tela ce ta yi wa mahaifiyarki jinya har ƙarshe. Ƙafata ba za ta ɗauke ni ba.

Ba faɗa nake miki ba, na san zafin kujerar da kike kai. Shekarar da annobar amai da gudawa ta shigo, ba a haife ki ba, mu ma haka muka zauna da takardu iri-iri. Manajanmu wani ɗan siririn mutum ne mai yawan tari, ya tattara su ya tura a aljihu, ya ce in shiga in faɗi abin da aka sani, in faɗi abin da ba a sani ba, in gaya wa mutane su tafasa ruwa. Na shiga. Na ce, "Jama'a, har yanzu likitoci ba su gano daga ina abin yake ba. Da sun gano, za ku ji daga bakina." Kullum da hantsi sai in dawo, wani lokaci ba ni da sabon labari sai in ce ba sabo. Kin san mutane ba su gudu ba? Har wata tsohuwa ta aiko min da ƙwai a cikin hula, wai saboda maƙogwaro.

Na san zamani ya canza. A lokacin murya ɗaya ce a gari, yanzu kowa gidan rediyo ne a aljihunsa, kuma manajan namu ba ya neman ƙuri'ar kowa. Wataƙila abin da ya yi mana ba zai yi muku ba.

Magunguna na ƙulle su a leda, suna bakin gado. Ranar da aka ce kowa ya tashi, ni ne na farko a mota. Kafin nan ina gida.

Babanki

Baba,

Gaisuwa. Ka ba ni haushi, sai da na yi kuka a banɗakin ofis.

Da safe aka sake miƙo min takardar "komai na tafiya daidai". Na ajiye ta a gaban Shugaba, na ce masa mahaifina yana unguwar gangare, na roƙe shi ya fito a ɓoye ya ƙi. Na ce, "Ranka ya daɗe, in har na ji tsoro na nemi fitar da nawa, da wane baki zan ce wa na wasu su kwanta?" Ɗaya daga cikin masu ba shi shawara ya fara sababi, Shugaba ya ɗaga masa hannu. Can ya tambayi mataimakiyar injiniya ko ita za ta bar uwarta ta kwana a gangare. Ta ce a'a. Sai ya juyo ya ce min in rubuta yadda na ga dama, amma in sani, in ruwa bai zo ba, wani zai ɗauki laifin, kuma ba shi ba ne. Bai faɗa da mugunta ba, kamar mai ba ni labarin farashin kasuwa.

Da azahar zan karanta. Zan ce ba mu da tabbas, zan ce gara a kwana a makaranta a banza. Motoci za su tsaya bakin gada, 'yan sanda za su tsare layuka. Ka cika alkawari. Ka sa rigar sanyi.

'Yarka

Uwata,

Gaisuwa da fatan alheri. Mun dawo gida, sai yau na samu busasshiyar takarda.

Na gan ki ranar nan kafin mu fita. Mai Aski ya manta da rubuta min komai, ya tsaya da almakashi a hannu har kika gama, sannan ya ja ƙofar shago. A ajin 'yan firamare aka sauke mu, na kwana kan benci ƙarƙashin hoton sassan kifi. Duk lokacin da kika fito da sabon bayani sai a taru kan wayar Tela, a zo ana min nuni da hannu.

Kin riga kin sani, bangon bai fashe ba. Amma da aka buɗe ƙofofin madatsar don a rage masa nauyi, ruwa ya shigo layinmu har gindin taga. Ba a rasa rai ba. Kajin Matar Tela sun tafi, katifata ta zama abin tausayi, keken ɗinkin mahaifiyarki ya sha laka amma ina jin zai tashi. Layukan sama kuwa ko danshi ba su gani ba, kuma duk da 'yan sandan an fasa shaguna, har da na Mai Aski, an kwashe injinan askinsa da talabijin ɗin. Yana ta faɗa, wai 'yata ta tashe shi a banza. Rashin ji ya yi min rana, sai in yi ta gyaɗa kai. Da ya gaji kuma shi ya zo ya taya ni fitar da gado.

Direba ya rubuta min cewa an ɗauke ki daga kujerar, an mai da ke ɗakin ajiyar fayil, wai kin firgita gari. Me ya sa ba ki faɗa min ba? Ni na ƙi fita, ke kika biya. Ban san ko in ba ki haƙuri ba ne ko in yi miki barka, don haka ga su duka biyun.

Babanki

Baba,

Na karɓi duka biyun. Ɗakin fayil ba laifi, akwai taga, kuma ba mai soke min kalma.

Jiya ofishin Shugaba suka bugo, wai yana son ganina, an ce damina mai zuwa ma sai an sake magana da mutanen gangare. Ban ba su amsa ba tukuna.

Ina tafe ranar Asabar da yara da sabuwar katifa. Kada ka ɗaga komai mai nauyi. Ka ce wa Mai Aski ya ajiye sauran faɗan, zan zo in ji da kunnena, ya kuma aro mana shebur biyu.

'Yarka