Maganar da Aka Yi Mini a Tsaye

Zuwa ga: Mai girma Shugaban Asibiti
Daga: Tsohon kafinta, mijin wadda ta kwanta a gadon bakin taga, ɗakin mata
Kwanan wata: 19 ga Mayu

Game da: Yadda aka sanar da ni sakamakon gwajin mai ɗakina

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa. Ban saba kai ƙara ba, wannan ce ta farko.

1. Ranar 2 ga Afrilu likita ya kira ni waje, ya bar mai ciwon a kwance. Jikinta ne, amma ni aka zaɓa, wai ni ne maigida.

2. A tsaye ya yi mini magana a bakin ƙofa, masu tura gado suna neman hanya. Rabin maganar Turanci ne. Ɗalibansa na bayansa, sa'o'in jikokina. Ya tambaya ko na gane, na ce na gane. Da furfurata ban iya cewa a maimaita mini a gaban yara ba. Bai ƙara tambaya ba, ya wuce.

3. Abin da kunnena ya kama shi ne za a sallame ta, ba sai an yi aiki ba. Na koma na ce mata da sauƙi. Ta yi hamdala, ta kira 'yarmu da ke aure a nesa, ta hana ta tahowa da tsohon ciki, wai ita za ta je idan an haihu.

4. Sai ranar 11 ga Mayu da na dawo karɓar mata ƙwayoyi, mai ba da magani ta duba katinta, ta zaunar da ni. Ciwon daji ne, ya bazu. Ƙwayoyin na rage zafi ne kawai.

Tun ranar ni ke miƙa mata magani da ruwa, tana tsokanata wai sai da na tsufa na koyi hidima. Rigunan jariri take ɗinkawa. Bakin da ya ce mata da sauƙi ya kasa warwarewa. Wannan laifina ne, ban ɗora wa kowa ba.

Don haka ina roƙo cikin ladabi. Ranar 26 ga Mayu za mu dawo ganin likita. A ba mu ɗaki mai ƙofa da kujera uku. Likita ya zauna, ya faɗa mata da harshen da take ji, ya jira tambayoyinta. Ita ba ta jin nauyin tambaya. Ina so ta sani tun tana da ƙarfin yi wa 'yarta magana. Kuma a daina faɗa wa mutane irin wannan a tsaye.

Zan zauna kusa da ita. Idan ta juyo ta dube ni kan abin da na faɗa mata, wannan ba na likita ba ne, ni zan amsa.

Allah ya ƙara girma.

Naka cikin biyayya,
Tsohon kafinta
(sa hannu)