Faifan da Alhaji Bukar ya lalata

Nguru, daren Laraba.

Ɗazu 'yata Falmata ta bugo waya daga Kano, ta ce kamfanin da ya yi faifan kiɗan jaz da na fi ƙauna zai sake buga shi, har ta yi mini odarsa. Irinsa na ara wa Alhaji Bukar na Gashua tun muna aiki. Ya bar shi a bayan mota cikin rana, ya maido mini a lanƙwashe kamar ƙwarya, yana dariya: "Haba Malam, ai busa ce kawai."

Bai taɓa ba ni haƙuri ba. Yanzu ya ji labari, wai zai zo mu saurara tare.

Allah ya kawo shi. Zan ba shi shayi, in kulle sabon a kabad, in sa masa lanƙwasasshen da na adana, ya saurari kukansa har ƙarshe.