Abin da Na Tsinta a Gindin Labandarki

Sault, 27 ga Agusta

Zuwa ga Odile, sanyin idona, inuwata ta tsakar rana, zumar da na bari a buɗe har ta ƙaurace mini,

Ina gaishe ki. Ina kuma kawo ƙarar kaina tun kafin maƙwabta su riga ni.

Kin tuna labandar nan, shukar fure mai ƙamshi, da kika dasa a bakin ƙofa shekarar da muka tare, ɗan tsiron da bai kai yatsa ba? Wata goma sha huɗu ke nan da kika koma gidan yayarki a Apt, ita kuwa ta samu sake. Ta yi gashi buya-buya, ta kwanta a kan hanya, har mai kawo wasiƙa ya koma miƙo mini ta taga don tsoron ƙudan zuma. Ita ma fushin take yi da ni, ko kuwa leƙen hanya take, kamar yadda nake yi?

Jiya, ganin furen ya bushe, na ɗauko almakashinki. Sai da na karanta littafi uku a kan yadda ake datse ta, kin san halina. Na kwashe rabinta har ƙasa ina jin kaina gwani, sai ga maƙwabciyarmu tsohuwa Fernande ta leƙo ta kan katanga. “Malamin makaranta, aski kake yi ko yanka? Ka wuce kore ka shiga busasshen icce! Labanda ba ta tohuwa daga tsohon icce. Matarka yatsa uku na kore take bari. A wane shafi barci ya ɗauke ka?”

Na durƙusa in ga ɓarnar da na yi. A can ciki, jingine da dutsen da nake zama a kai, sai ga shi: littafin tsuntsaye na mahaifina. Shi fa! Wanda na rantse kin kwashe da tsofaffin jaridu kin ba mai shara. Wanda na yi sati uku ina miki wa'azi a kansa a kan tebur, da dogayen kalmomi, har kika ɗaure jakarki. Ya kumbura kamar burodin da ya kwana a ruwa, dodon koɗi ya cinye duk babin mujiya, tabarauna kuma na nan a tsakiyarsa inda na tsaya. Tabarauna, Odile! Wa zan ɗora wa wannan?

Tun jiya tambaya ɗaya ta hana ni sakat. Ke ce mai cire ciyawa a gindin nan kowace Asabar. Kin gan shi? Kin gan shi kika yi shiru, kina jira ki ga ko zan sunkuya sau ɗaya a rayuwata? Shekara ashirin da biyu ina zaune da ke, ina iya kawo sunan kowane tsuntsun da ke ratsa kwarin nan, amma wannan ban sani ba, kuma ban taɓa son sanin wani abu kamarsa ba.

Ya ke wadda tafin hannunki ya fi furen ƙamshi! Ina tuna ranar da kika murje shi a hannu kika rufe mini fuska da shi, kika ce in daina bayani in shaƙa. Na shaƙa, sannan na ci gaba da bayani. Ƙananan jakunkunan busasshen furen da kika cusa a tsakanin zannuwan gado sun sane, amma har yanzu nakan buɗe kabad ɗin ba don ina neman komai ba.

Na yi kuskure, ki yafe mini. Dubi yadda maganar take gajeriya, ta kuma ɗauke ni wata goma sha huɗu!

Ɗaya rabin labandar ban taɓa shi ba, ba kuma zan taɓa ba. Fernande ta ce in ba a datse shi kafin ƙarshen Satumba ba, sanyi zai tsaga shi. A ɓangaren da na ɓata kuwa, yau da safe na ga wasu ɗigo biyu kore a jikin iccen, can ƙasa, kowanne bai fi ƙwayar shinkafa ba. Na duba littattafan nan uku, babu wanda ya ce mini ko za su rayu. Ke kallo ɗaya za ki yi musu ki sani.

Na wasa almakashin, na rataye shi a ƙusarsa. Ranar Laraba zan tsaya inda motar Apt ke sauke mutane, ba tare da littafi a hannuna ba.

Naki, jiya da yau da duk Larabar da ta rage mini,
Baptistin